Falo Ko Na'ura: Wa Ke Iko da Abin da Kunne Ke Ji a Kiɗan Simfoni?

A watan Yunin 2021 kamfanin Apple ya fara bai wa masu biyan kuɗin Apple Music sauti iri biyu ba tare da ƙarin farashi ba. Na farko shi ne wanda ba a zubar da komai daga cikinsa wajen matse fayil ba, na biyu kuma na Dolby Atmos, wanda ake cewa yana kewaye mai sauraro ta kowane ɓangare. A watan Maris na 2023 ya ƙaro manhaja ta musamman don kiɗan gargajiyar Turai. Sauran kamfanoni ma kowa da tambarin da yake liƙa wa hajarsa.

Masu sauraro da yawa sun kunna sabon tsarin ba su ji bambanci ba, suka ɗauka ko kunnensu ne, ko na'urarsu ce ba ta kai ba. Wasu suka sayi sabuwar amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya isa lasifika, wasu suka canza wayoyin da ke haɗa na'urorin. Alhali ba a nan gizo ke saƙar ba. Awon injiniyoyi ya daɗe da nuna cewa tsakanin fayil da kunne, wurin da sauti ya fi lalacewa shi ne mita uku ko huɗu na ƙarshe, daga bakin lasifika zuwa kujerar mai sauraro. Amfilifaya mai lafiya ba ta karkatar da sauti da ko desibel ɗaya a ma'aunin ƙarfin sauti. Ɗaki kuwa yana iya ƙara wa wani sauti desibel 10, ya rage wa na kusa da shi 20. Babu kiɗan da ke tona wannan asiri kamar simfoni.

Mene ne simfoni, me kuma yake nema?

Simfoni dogon kiɗa ne da ake rubutawa don babbar ƙungiyar makaɗa da ake kira okestira. Galibi kashi huɗu ne, yana ɗaukar daga rabin sa'a zuwa sama da sa'a guda. Cikakkiyar okestira tana da mutum 80 zuwa 100. Kimanin 60 daga cikinsu masu goge ne: biyolin na farko 16, na biyu 14, biyola 12, celo 10, sai manyan goge masu kaurin murya guda 8, waɗanda ake kaɗawa a tsaye. Bayansu masu busa suke, can ƙurya kuma masu tambura. Irin wannan ƙungiya ba ta da yawa a Afirka ta Yamma. Akwai ta cibiyar MUSON a Legas, akwai ta ƙasar Ghana a Accra wadda aka kafa a 1959. Ga mutumin Kano ko Damagaram ko Tamale, faifai da intanet su ne zauren kiɗan, shi ya sa yanayin ɗakinsa ba ƙaramin al'amari ba ne.

Kalmomi biyu za su yi ta dawowa. Haz shi ne yawan kaɗawar iska a sakan ɗaya, kamar yadda masu sauraron rediyo suka san kilohaz da megahaz. Ƙaramin adadi na nufin sauti mai kauri, wanda aka fi sani da bes, babba kuma siririn sauti. Kunnen matashi mai lafiya yana ji daga haz 20 zuwa 20,000. Desibel kuwa ma'aunin ƙarfin sauti ne. Ƙarin desibel 3 yana cin ninkin wutar amfilifaya, amma sai an ƙara 10 kunne ke jin kamar ƙarar ta ninka.

Simfoni na shida na Tchaikovsky, marubucin kiɗa ɗan ƙasar Rasha, wanda aka fara kaɗawa a Saint Petersburg a 1893, ya isa misali a kan abubuwa uku da wannan kiɗa ke nema. Yana buɗewa da manyan goge a can ƙasa, kuma tsirkiya mafi kauri a babban goge tana kaɗawa ne a haz 41, inda yawancin ƙananan lasifikoki ba sa isa. Wannan na farko. Na biyu, a tsakiyar kashi na farko marubucin ya sa alamar sassauta sauti har sau shida a jere, sannan ba zato dukan ƙungiyar ta fashe da ƙara. Tazarar da ke tsakanin raɗar okestira da tsawarta tana kaiwa wajen desibel 60, yayin da waƙoƙin zamani da aka haɗa don waya da mota ke zama kusan a mataki ɗaya daga farko har ƙarshe. Na uku shi ne wuri. A farkon kashi na ƙarshe an raba karin kiɗan tsakanin biyolin na farko da na biyu, wannan ya ɗauki sauti ɗaya, wancan ya ɗauki na gaba. A zamanin Tchaikovsky rukunonin biyu suna zama ne suna fuskantar juna, ɗaya a hagu ɗaya a dama, don haka karin yana tsallakawa daga gefe zuwa gefe. Haɗa su duka a hagu ya yaɗu ne a ƙarni na 20, ana kuma yawan danganta shi da madugun okestira Leopold Stokowski. Idan faifan ya bi tsohon tsarin zama amma na'urar gida ba ta raba hagu da dama da kyau ba, wannan dabara ta marubucin ta ɓace ke nan.

Ɗaki biyu, ɗaya a kan ɗaya

Wanda ya zauna a zauren kiɗa ba sautin kayan kiɗa kai tsaye ya fi ji ba. Da zarar ya wuce mita biyar ko shida daga dandamali, sautin da ya bugi bango da rufi ya dawo ya fi wanda ya zo kai tsaye yawa. Wannan shi ne amon ɗaki. Ya bambanta da amsa-kuwwa, wadda ake jin ta daban bayan sautin asali. Amo dubban dawowa ne da suka narke wuri ɗaya suna dusashewa a hankali.

Wallace Sabine, malamin kimiyya a Jami'ar Harvard, shi ya fara auna wannan abu. A 1895 aka ba shi aikin gyara wani ɗakin lacca da ba a jin magana a cikinsa, ya yi ta kwaso kushin na kujeru yana auna yadda suke rage amo. Daga nan ya fitar da lissafin da ake aiki da shi har yau: tsawon amo, wato lokacin da sauti ke ɗauka kafin ya ragu da desibel 60, daidai yake da 0.161 sau girman ɗaki, a raba da yawan abin da ke shanye sauti a cikinsa. Da wannan lissafi aka tsara zauren Boston da aka buɗe a 1900. Shi da zauren Musikverein na Biyana a Ostiriya, na 1870, da zauren Concertgebouw na Amsterdam, na 1888, duk amonsu yana kusa da sakan biyu idan sun cika da jama'a, kuma duk dogaye ne masu siffar akwati. Binciken Harold Marshall da Michael Barron a ƙarshen shekarun 1960 da farkon na 1970 ya nuna dalilin da ya sa wannan siffa ke daɗi: sautin da ke dawowa daga gefe shi ke sa mutum ya ji kiɗa ya yi faɗi ya lulluɓe shi.

Injiniyan ɗaukar sauti yana sa makirufo ne yadda za su kama ƙungiyar da amon zauren tare. Tsarin makirufo uku da kamfanin Decca ya ƙirƙiro a 1954 har yanzu ana rataye shi a saman kan madugun ƙungiya. Ma'ana, faifan simfoni ya riga ya zo da ɗakinsa. Idan aka kunna shi a falo, an ɗora ɗaki na biyu a kan na farko.

Zauren Amsterdam ya haura mita 18,000 a awon tsawo sau faɗi sau tsayi. Falo mai mita 5 da 4 da tsayin 3 yana da 60 kacal. A babban zaure, dawowar farko daga bango tana isowa bayan kimanin milisakan 20, wato kashi 20 cikin dubu na sakan. A falo tana isowa bayan milisakan 3 ko 4, da ƙarfinta. Ƙwaƙwalwa tana jin wannan ta gane cewa ƙaramin wuri take, ko da faifan yana faɗa mata akasin haka.

Ginin da ya zama ruwan dare a biranenmu, na bulo da filastar siminti da tayil a ƙasa, yana shanye kashi 2 zuwa 3 ne kawai cikin ɗari na sautin da ya buge shi. Falon nan mai 60, in babu komai a ciki, lissafin Sabine yana ba da amo na sama da sakan 3. Abin da ake nema don sauraro shi ne tsakanin 0.3 da 0.5. Kafin a kai 0.5 ana buƙatar abin da ya yi daidai da murabba'in mita 19 na cikakken mai shanye sauti. Kafet mai kauri na mita 2 da 3 yana ba da kimanin 2, labule mai nauyi da ninki-ninki na murabba'in mita 8 yana ba da kimanin 4, doguwar kujerar kushin 2 zuwa 3. Gwajin sauƙi shi ne tafi ɗaya a tsakiyar ɗaki. In aka ji wata ƙara mai karkarwa ta biyo baya, bangwaye biyu masu fuskantar juna ne ke jefa wa juna sautin.

Ƙasa da haz 200: inda ɗaki ke mulki

Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a sakan. In aka raba wannan da adadin haz, za a sami tsawon zangon sautin, kalmar da aka sani daga gajeren zango da matsakaicin zango na rediyo. Sautin haz 1,000 zangonsa santimita 34 ne. Na haz 41 ya haura mita 8, ya fi ɗakin kansa tsawo.

Kamar yadda kwalba ke da muryarta in an hura bakinta, haka kowane ɗaki ke da muryoyinsa. Ana samun ta farko ta hanyar raba 343 da ninkin tazarar bango zuwa bango. Ɗakin ƙafa 12 da 12, wanda magina suka fi yankawa, mita 3.66 ne kowane gefe, muryarsa ta farko haz 47, ta biyu 94. Da yake tsawonsa da faɗinsa ɗaya ne, muryoyin ɓangarorin biyu suna faɗawa wuri ɗaya su ƙarfafa juna. Shi ya sa ɗaki mai gefe daidai ya fi kowane wahalar sha'ani. A jikin bango da kusurwa haz 47 yana kumbura, a tsakiyar ɗaki kuma kusan ya ɓace. Abin da mai sauraro zai ji shi ne manyan goge suna sauka mataki-mataki, wani sauti ya yi ruri ya ƙi mutuwa, na bayansa ya yi kamar ba a kaɗa shi ba. Masu kiɗan sun kaɗa su daidai, ɗakin ne ya zaɓa.

Babban zaure ma yana da irin waɗannan muryoyi, sai dai suna da yawa sun cakuɗe, ba a jin ɗaya ita kaɗai. Masanin kimiyyar sauti Manfred Schroeder ya fitar da lissafin iyakar da wannan matsala ke farawa. A zaure irin na Amsterdam iyakar tana wajen haz 20, can bakin abin da kunne ke ji. A falo mai 60 tana wajen haz 180. Duk abin da ke ƙasa da nan, wato manyan goge, rabin muryar celo, tambura da manyan ƙahonni, yana hannun ɗakin.

Maganin farko kyauta ne. Kada kujera ta zauna a tsakiyar tsawon ɗaki, kada kuma ta jingina da bangon baya. Masu aikin situdiyo sukan fara gwaji daga kashi 38 cikin ɗari na tsawon ɗakin, saboda wurin ya kauce wa ramin muryar farko da ke tsakiya da na ta biyu da ke rubu'i. A ɗakin mita 5 wannan na nufin mita 1.9 daga bangon gaba, ko daga na baya. Mafari ne kawai, daga nan sai a riƙa matsawa santimita 20 ana saurare.

Nisan lasifika da bangon bayanta ma yana haƙa nasa ramin. Bes yana fita ta kowane gefe, wanda ya koma baya ya bugi bango ya dawo yana soke wanda ya yi gaba. Ana gano wurin ramin da raba 343 da ninki huɗu na tazarar. Mita ɗaya daga fuskar lasifika zuwa bango tana ba da rami a haz 86, santimita 60 kuma a 143, daidai inda celo ke da jiki. Ƙara bes a na'ura ba ya cike wannan rami, domin abin da aka ƙara shi zai dawo ya soke kansa.

Sabufa, wato akwatin bes na daban, amfaninsa a nan ya wuce ƙara ruri. Yana ba da damar a ajiye tushen bes inda ɗaki ya fi karɓarsa, a bar manyan lasifikoki inda suka fi raba hagu da dama. Ana yawan raba aikin a haz 80, domin ƙasa da nan kunne ba ya gane daga ina sauti ya fito. Hanyar nemo wurinsa ita ce a ɗora shi a kan kujerar sauraro, a kunna kiɗa mai bes da ke hawa da sauka, a bi gefen bango a durƙushe, inda aka ji sautukan sun fito daidai da juna nan ne mazauninsa. Binciken da Todd Welti ya gabatar a 2002 a kamfanin Harman ya nuna cewa sabufa biyu a tsakiyar bangwaye masu fuskantar juna suna daidaita bes a kujeru da yawa fiye da guda ɗaya komai girmansa.

Kiret ɗin ƙwai da siririn soso da ake mannawa a bango ba su taɓa wannan matsala ko kaɗan. Abu mai laushi yana shanye sauti ne gwargwadon kaurinsa idan aka gwada da zangon sautin. Soson santimita 5 yana cin siririn sauti ya bar mai kauri, sai ɗaki ya rasa haske amma rurin yana nan. Allon ulun dutse ko audugar gilashi mai kaurin santimita 10, da tazarar iska a bayansa, yana sauka zuwa wajen haz 200. Ƙasa da haka sai an cika kusurwoyi da kauri mai yawa. Dole a rufe irin wannan ulu da yadi mai barin iska ta wuce, a kuma sa safar hannu da takunkumi wajen yanka shi.

Jera lasifika, da saɓanin masana kan bangon gefe

Sitiriyo, wanda Alan Blumlein na kamfanin EMI ya yi wa rajista a Ingila a 1931, dabara ce ta yaudarar kunne. In lasifika biyu suka fitar da sauti ɗaya da ƙarfi ɗaya a lokaci ɗaya, ƙwaƙwalwa tana ajiye shi a tsakiya inda babu komai. Yaudarar ba ta jure kuskure. In ɗaya ta fi kusa da kunne da santimita 30, sautinta ya riga isowa da kusan milisakan ɗaya, kuma wannan ya isa ya janye masu busa da ke tsakiya zuwa gefe guda.

Don haka tef ɗin awo ya fi ido. Lasifikoki biyu da kan mai sauraro su zama kusurwa uku masu tazara ɗaya, misali mita 2.2 kowane gefe. Ƙaramar lasifikar sama, mai fitar da siririn sauti, ta yi daidai da tsayin kunnen wanda ke zaune, kimanin mita ɗaya daga ƙasa. Nisan kowace da bangon gefenta ya zama ɗaya in ɗakin ya bari. A duba wayoyi: ja da ja, baƙi da baƙi. In aka juya na gefe ɗaya, bes zai zube, tsakiya kuma ta watse. Teburin gilashi tsakanin kujera da lasifika yana dawo da sauti cikin gaggawa ya ɓata muryar biyolin, gara a janye shi ko a rufe shi da mayafi mai kauri. Ana gano wurin dawowar farko da madubi: mutum ya zauna, wani ya riƙa jan madubi a jikin bangon gefe, duk inda aka hango lasifika a ciki nan ne wurin.

Abin da za a yi da wurin shi ne inda masana suka rabu. Ɓangare ɗaya, wanda ya samo asali daga ɗakunan haɗa sauti na ƙarshen shekarun 1970, yana ganin a shanye wannan dawowa da allo mai kauri. Hujjarsu ita ce sai an kashe muryar ƙaramin ɗaki sannan amon zauren da ke cikin faifai zai fito, kuma kowane kayan kiɗa zai tsaya a wurinsa. Ɗaya ɓangaren, wanda Floyd Toole ya fi fice a cikinsa bayan shekarun bincike a hukumar bincike ta ƙasar Kanada da kuma Harman, yana cewa lasifika biyu a gaba ba za su iya kawo sautin gefe da ke sa zaure daɗi ba, bangon gefe yana ɗan cike wannan giɓi, kuma masu sauraro da yawa a gwaji sun fi son a bar shi. Sharaɗinsa shi ne lasifikar ta kasance mai fitar da sauti iri ɗaya ta gaba da ta gefe, don abin da bango zai dawo da shi ya yi kama da na asali.

Kowane ɓangare yana da gaskiya a muhallinsa. In bangon gefe bai kai mita ɗaya daga lasifika ba, ko gefe ɗaya bango ne ɗayan ƙofa ko taga, shanyewa ta fi. In ɗakin yana da faɗi kuma gefen biyu sun yi daidai, barin su yakan ƙara wa masu goge yalwa. Abin da duka suka yarda da shi shi ne rabin aiki ya fi cutarwa, wato siririn abu da zai cinye saman sautin ya dawo da ƙasansa.

Shiru da ƙarfin amfilifaya

Zauren kiɗa mai kyau shirunsa yana ƙasa da desibel 20. Ɗakin gida da dare yana wajen 30. Fanka mai gudu tana iya kai shi 45 ko 50, janareta a tsakar gida kuma ya wuce haka. In raɗar okestira tana desibel 35 a kujera, fanka ta riga ta binne ta. Mai sauraro zai ƙara murya don ya ji, sai tsawar ta zo ta wuce ƙarfin na'urar da haƙurin maƙwabta. Rage hayaniyar ɗaki da desibel 10 daidai yake da ninka ƙarfin amfilifaya sau goma ta fuskar tazarar da ake samu, kuma toshe ƙasan ƙofa da gefen taga da roba ya fi sabuwar amfilifaya araha nesa ba kusa ba.

Lissafin ƙarfi ba shi da wuya. Lasifikar da aka rubuta mata desibel 86 tana ba da hakan ne da wat ɗaya a nisan mita ɗaya. A mita 3, in aka haɗa da ta biyu da taimakon ɗaki, wat ɗaya yana ba da kimanin 82. Kaiwa ƙololuwar 100 na buƙatar wajen wat 60, kaiwa 105 kuma wajen 200. Lasifika mai 90 tana buƙatar ƙasa da rabin wannan. Amfilifayar da aka tura ta wuce iyakarta tana yanke kan sauti, ƙahonni su yi kaushi, kuma ta haka ake yawan ƙona ƙaramar lasifikar sama. Adadin dubban wat da ake bugawa a kwalin wasu na'urorin kasuwa ba ma'auni ba ne. Wanda ake dubawa shi ne ƙarfin da na'ura ke iya riƙewa a ɗore, a kan lasifika mai om 8 ko 4 (ma'aunin yadda take tare wuta), da gefen biyu suna aiki.

Sassauta murya ƙwarai ma yana da nasa illa. Tun 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson suka nuna cewa in ƙara ta ragu, bes ne ke fara ɓacewa daga kunne. A ɗaya gefen kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar desibel 80 na sa'o'i 40 a mako ga manya, kuma kowane ƙarin 3 yana raba lokacin biyu. Simfoni yana da sauƙi a nan tunda tsawarsa ba ta daɗewa. A kuma duba saitin dare da ke cikin talabijin da na'urorin fim, wanda ke ɗaga raɗa ya danne tsawa. Ga wannan kiɗa a kashe shi.

Fayil, wayoyi da gwajin rufe ido

Faifan CD, wanda ya fito a 1982, yana ɗaukar sauti har haz 22,050 da tazarar desibel 96, wadda ta fi abin da kowane falo zai iya nunawa. Masu goyon bayan fayil mafi girma suna cewa akwai laushi da sarari da ake samu. A 2007 Brad Meyer da David Moran suka yi gwaji 554 inda masu sauraro ba su san wanne ake kunna musu ba, aka dace sau 276, daidai da abin da canki-canka zai bayar. An soki gwajin da cewa wasu faifan da aka yi aiki da su ba su da ingancin da ake magana a kai tun asali. A 2016 Joshua Reiss na Jami'ar Queen Mary a Landan ya tattara bincike 18 ya sami dacewa kashi 52.3 cikin ɗari, kuma adadin yana ƙaruwa ga waɗanda aka horar. Bambancin yana nan ke nan, amma ɗan mitsitsi ne kusa da desibel 20 da ɗaki ke yi wa bes.

Kuɗin data kuwa ba mitsitsi ba ne. Sa'a ɗaya ta matsattsen sauti mai kyau, na kilobit 256, tana cin megabait 115. Ingancin CD ba matsi 635 ne, matsin da ba ya zubar da komai yakan rage kusan rabi. Mafi girman mataki ya haura gigabait 4 kafin matsi. Wanda kuma ke sauraro ta Bluetooth na yau da kullum ba ya samun cikakken fayil ɗin, domin ana sake matse shi a hanya, kuma Apple da kansa ya bayyana haka game da na'urorin kunnensa.

Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma a wannan fage maganar ta tabbata a zahirinta. A 1994 Toole da Sean Olive suka sa mutane su auna lasifikoki sau biyu, suna ganinsu da kuma a bayan labule. Da ido a buɗe manya masu tsada suka sami maki mai yawa, kuma canza musu wuri a ɗaki bai sauya ra'ayin mutane sosai ba. A bayan labule tazarar makin ta ragu, wurin da aka ajiye lasifika kuma ya zama abin da ke sauya hukunci. Game da wayar lasifika, ta tagulla mai kaurin murabba'in milimita 2.5 ta wadatar ga tsawon da ake buƙata a falo.

Atmos, na'urar kunne da gyaran kwamfuta

A ƙa'ida, tsarin lasifikoki da yawa shi ne amsar matsalar sautin gefe, tunda yana kawo amon zaure daga inda ya kamata ya fito. Ma'aunin ƙasa da ƙasa na lasifika biyar ya sa ta tsakiya a gaba, biyu a digiri 30, biyu a wajen digiri 110, Atmos kuma ya ƙara na sama. Kowace sai an auna nisanta da ƙarfinta. Dogon akwatin da ake ajiyewa ƙarƙashin talabijin yana kwaikwayon wannan ne ta hanyar jefa sauti a bango da silin, don haka sakamakonsa ya dogara da siffar ɗakin.

Na'urar kunne tana cire ɗaki daga lissafi gaba ɗaya, kuma da kuɗi kaɗan tana ba da bes da tsabtar da lasifika ba za ta bayar ba sai da ninkin farashin. Ga mai zama a gidan haya ko gidan yawa, ita ce hanya mafi kusa. Raunin ta shi ne ƙungiyar takan taru a cikin kai maimakon a gaba, kuma jiki ba ya jin bugun tambura.

Manhajojin gyaran ɗaki irin su Dirac Live da Audyssey, ko REW da ake samu kyauta a haɗa da makirufon awo, suna da amfani ƙwarai wajen rage sautukan da suka kumbura ƙasa da haz 200 ko 300. Ba sa cike rami, ba sa kuma rage amon tayil da siminti. Ana zuwa gare su ne bayan an gama da kujera da lasifika da labule.

Abin da ya rage ga mai saye

Jerin da awo ke goyon baya yana farawa da abin da ba ya cin kuɗi: wurin kujera, wurin lasifika, lokacin da gida ya yi shiru. Sai kafet, labule da kantar littattafai a bangon baya, wadda ke warwatsa sauti saboda rashin daidaiton fuskarta. Sai lasifika, inda mafi yawan kuɗin na'ura ya kamata ya tafi, sai sabufa, sai amfilifaya gwargwadon lissafin da ya gabata. Matakin fayil shi ne na ƙarshe.

Masu sayen kayan hannu su duba bayan na'ura kafin su jona. Wutar Najeriya da Nijar tana tsakanin bolt 220 da 240 a haz 50, kayan Amurka kuwa na 120 ne a haz 60, na Japan na 100, kuma jona su kai tsaye yana iya ƙona su nan take. Taransifoma mai rage wuta yana gyara bolt amma ba ya canza haz, saboda haka na'urar juya faifan garmaho da motarta ke bin haz 60 za ta yi tafiyar kashi biyar cikin shida na saurinta. Inbata mai arha da ba ta fitar da wuta mai santsi tana sa taransifoman amfilifaya kuka da zafi. Gurnanin da ake ji a lasifika ko ba a kunna komai ba yakan fito ne daga jona na'urori a soket daban-daban ko daga wayar dish da ke shiga talabijin. A haɗa su duka a soket ɗaya, sannan a riƙa cire wayoyin shiga ɗaya bayan ɗaya har a gano wadda ke kawo shi.